Magen da Aka Saki a Hanyar Sae Sabuwa

Ina wanke-wanken safe a bakin rariya na kankare ƙanzon tukunya, na zuba a murfin kwano, na ajiye inda na saba ajiyewa. Magen ba ta zo ba. Tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bayan kolej ɗinmu a Gidan Rumji, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa jin cokali na kankarar tukunya ta tsaya ba. Na ci gaba da wanki, amma idona yana kan murfin. Kaji suka zo suka cinye ƙanzon.

A bayan randar Kaka na same ta, a durƙushe, kai a ƙasa, baki a buɗe kaɗan, yawu na dalala har ya jiƙe mata ƙirji. Na miƙa hannu in shafa wuyanta. Ta cafke ni a gindin babban yatsa, ta riƙe, sai da na yarfa hannun sannan ta saki.

Zafin bai dame ni ba kamar yawun. A kolej malaminmu na kimiyya ya yi mana darasin ciwon haukan kare. Ya ce ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba, mage ma tana ɗauka, kuma da zarar alamu sun fito a jikin mutum, magani ya ƙare. Ban da darasin, akwai wani mahauci a unguwarmu da kare ya ciza ina ƙarama. Ban gan shi da idona ba, amma na ji muryarsa ta saman katanga, na kuma ji manya suna cewa in an kawo masa ruwa sai ya ture kwanon. Bai yi mako guda a haka ba.

Na ɗauki sabulu na tsuguna ina wanke wurin, ina ɗauraya, ina sake wankewa, har Inna ta fito daga madafi.

"Ke, ruwan nan saye muke yi fa."

Na nuna mata hannun. Ta leƙa bayan randa, ta dawo ta ɗauko mayafinta.

A gidan likita majo, babban ma'aikacin jinya, ya sake wanke ciwon, ya shafa magani, ya yi mini allurar tsatsa. Ya ce allurar haukan kare babu ita a wurinsu, sai Maraɗi, kuma ba guda ɗaya ba ce, ana yin ta ne a jere, kowace da kuɗinta. Ya ce in fara ba tare da jinkiri ba. Sannan ya tambaya ina magen take.

"Tana gida," in ji Inna.

"To a rufe ta a ɗaki, a ba ta ruwa da abinci, kada kowa ya taɓa ta. A nemi likitan dabbobi ya gan ta. Ita ce za ta gaya mana abin da ke jikin yarinyar nan."

Da muka dawo gida babu mage. Kaka tana zaune kan tabarma tana tsince wake, hankalinta kwance.

"Mi kuke nema? Ta tahi. Na sa kawunki ya jehwa ta cikin buhu, ya kai ta daji."

A gidanmu ba a kashe mage. Kaka ta sha faɗa mana cewa hannun da ya kashe mage ba ya daina rawa, kuma alhakinta ba ya barin gida. In mage ta lalace, ta fara cin 'yan tsaki ko ta ciji mutum, buhu ake sa ta a kai ta nesa a saki, a bar ta da Mahaliccinta. Abin da aka saba yi ke nan, shi kuma ta yi, don ta raba ni da masifa. Da na fara kuka ta yi mamaki.

"Kan mage kike kuka, 'yar boko? Gobe in samo miki biyu."

Kawu ƙanen Inna ne, shi ke tsaye kan al'amuranmu tun rasuwar Baba. Ya dawo kan babur ɗinsa da buhun a naɗe, ya ce a hanyar Sae Sabuwa ya sake ta, bayan wata tsamiya, ta shige cikin gonar gero ba ta waiwayo ba. Da Inna ta gaya masa abin da majo ya ce, ya daɗe yana kallon buhun. Muka koma wurin tare da shi a ranar. Gero ya kai tsawon mutum. Na yi ta kira har muryata ta dishe, babu motsi sai na ƙadangaru.

Maganar likitan dabbobi ta zama gardama tsakanina da Kawu. Shi yana da mutuminsa a kasuwar dabbobi, mai baza magunguna a kan leda, wanda ke yi wa ragunansa allura in sun ƙi cin abinci. Ba ya karɓar kuɗin dubawa, sai na magani, kuma ana ciniki. Ni kuwa na ce a je buron kula da dabbobi, wurin likitan da ya yi karatun abin.

"Buro," in ji Kawu. "Ka shiga da ƙafa biyu ka fito da aljihu a zazzage. Mu fara da nawa."

Muka fara da nasa. Mutumin ya saurare mu yana murmushi, ya kira maƙwabcinsa mai sayar da igiya ya ji.

"Malam, yau an kawo mini ƙarar mage. Shanu na sani, tumaki na sani, har jaki na yi wa allura. Amma mage, ai ita ke yi wa kanta magani."

Ya ɗauko wasu ƙwayoyi ja da rawaya ya ce a fasa ɗaya a barbaɗa mini a ciwon, in haɗiye sauran. Na tambaye shi ko suna maganin haukan kare. Ya ce suna maganin komai. Na ajiye su a kan ledarsa, na ce wa Kawu ni zan tafi buro ko da ƙafa. Bai ji daɗin yadda na yi a gaban mutane ba, amma ya kai ni.

Likitan dabbobin dattijo ne mai ƙarancin magana, hannayensa duk tabon aiki. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko magen tana fita waje, na ce tana fita. Ko an taɓa yi mata rigakafi, na ce ban ma san ana yi wa mage ba. Ko na ga ciwon faɗa a jikinta kwanan nan, na ce ban lura ba.

"Yawu da cizo ba su isa a ce hauka ba ne," ya ce. "Kuma ba su isa a ce ba shi ba ne. Dabbar da ke da ciwon a yawunta ba ta wuce kwana goma a raye. In kun same ta bayan haka tana ci tana sha, kin kuɓuta. In ba ku same ta ba, ki yi allurai har ƙarshe, kada ki tsallake ko ɗaya."

Kawu ya tambayi kuɗin wannan magana. Likita ya ce magana kyauta ce. In an ga magen, a zo a gaya masa, za a biya kuɗin dubawa da na esansi, wato man babur.

Akuyata aka sayar, wadda Inna ta ba ni ranar da na ci jarrabawar brebe ta gama kolej. Tana da ciki, amma a kasuwa an ga muna sauri, aka saya yadda aka ga dama. Da kuɗinta muka shiga mota zuwa Maraɗi washegari, aka yi mini allurar farko a damtse. Muka sake komawa ta biyu. Kuɗin mota da na allura suka cinye akuyar kafin a kai rabi. Na ji Inna da Kawu suna maganar sayar da waken da aka ajiye don iri, da na shigo suka canza zance.

Kwanakin nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina shara, ina girki, ina amsa gaisuwa. Amma duk bayan ɗan lokaci sai in je randa in ɗebi ruwa, ba don ƙishi ba, don in ga ko maƙogwarona zai karɓa. In ya wuce sai in samu sauƙi na ɗan lokaci. In yatsan ya yi ƙaiƙayi sai in ce ga shi nan ya fara. Na daina cin abinci kwano ɗaya da Inna, na ware kofina, ban gaya wa kowa dalili ba. Har yau, in na ɗaga kofi zuwa baki, akwai wani ɗan tsayawa da nake yi wanda babu mai lura da shi sai ni. An gaya mini allurai suna kare mutum, na kuma yarda. Amma yarda daban, barci daban.

Kawu ya koma hanyar Sae Sabuwa sau da yawa. Ya tambayi masu amalanke da manoma, wasu suka yi masa dariya, wasu suka ce kura ko dila sun gama da ita. Kaka kuwa ta daina zolayata. Ita ce ta tare Bafulatanar da ke kawo mana nono ran kasuwa, ta sa ta zauna, ta ba ta labarin tun daga farko, ta roƙe ta ta baza cigiya a rugage.

Kasuwa ta zagayo, matar ta dawo. Ba ta ma sauke ƙwaryar ba ta fara magana daga zaure.

"Inna tsohuwa, akwai mage a rugar yayana. Ba namu ba ne, na gari ne, ba ya tsoron mutane. Ya zo yana zubar da yawu, yana kallon nono ba ya sha."

Na tambaya ko ta mutu.

"Mutu? Ya fi ki ƙiba."

Na lissafa, kwana goman sun wuce. Kawu ya je buro, ya dawo ya ce likita zai zo bayan azahar, kuma kuɗin da ya faɗa ya isa a sayi zakaru biyu. Inna ta kwance bakin zanenta ta ba shi. Kaka ta shiga ɗaki ta fito da nata, ta ce a haɗa, tunda ita ta jawo tafiyar.

Babura biyu muka yi, ni a bayan Kawu, likita a nasa da akwatinsa ɗaure a baya. Rugar tana can ciki, nesa da tsamiyar, sai da muka bi sawun shanu ta cikin yashi. Muka tarar da magen kwance a inuwar bukka, kusa da inda ake kife ƙorai. Ta rame kaɗan, ba kamar yadda aka faɗa ba, amma tana lasar ƙafarta.

Likita ya tsayar da ni kafin in matsa.

"Duba da kyau. Kada ki ce ita ce don kina so ta zama ita. In wata ce, zuwan nan bai amfane ki da komai ba."

Na tsuguna daga nesa na dube ta. Baƙa ce da farin ƙirji, irinsu suna da yawa. Amma kunnenta na hagu a tsage yake tun tana ƙarama, kuma ƙarshen wutsiyarta a karkace, inda ƙofa ta taɓa matse ta. Na ce ita ce. Ya sake tambaya. Kawu ya ce shi ma ya gane ta, ai ta yage masa hannun riga kafin ta shiga buhu.

Matar gidan, matar yayan mai nonon, ta ce ƙashin kifi ne ya tokare mata a dasashi. Ta ce ta lulluɓe ta da zane, ɗanta ya riƙe, ta sa yatsa ta zaro shi, kamar yadda suke cire wa maraƙi ƙaya. Sai na tuna Inna ta yi miyar busasshen kifi kwana ɗaya kafin cizon.

"Da hannu?" in ji likita. "Baba, da ciwon ne fa, da yanzu ku biyu nake nema wa mota."

"Ai ba shi ba ne," ta ce.

Ya sa safar hannu mai kauri, ya kama magen ta ƙeya, ya buɗe bakinta ya duba da tocila. Ya duba idanunta, ya shafa jikinta yana neman tabo. Ya sake ta, ya sa aka zuba mata ruwa a sakaina, ya tsaya yana kallo har ta sha. Ya sa ta yi tafiya, ta bi wata kaza da ido, ta koma inuwarta. Duk wannan lokacin ni ina tsaye, na riƙe yatsan da ɗaya hannun.

Kawu ya fara tambayar ko rigakafin da aka ce ana yi wa mage yana cikin kuɗin da aka biya. Likita ya ce ba ya ciki, wannan maganar wata rana ce. Ya cire safar, ya wanke hannu da butar masu gida. Inuwar bukka ta miƙe, la'asar ta yi. Ya juyo gare ni.

"Ramin ƙashin yana nan a dasashinta, ya kusa warkewa. Lafiyarta ƙalau. Gobe ki je wurin majo da abin da zan rubuta, shi zai ce a dakatar da sauran allurai. Amma ni ga nawa: ranar da ta cije ki babu ciwon nan a bakinta. Babu abin da ta sa miki."

Na ce ya sake faɗa. Ya dube ni, ya sake faɗa a hankali, kalma bayan kalma. Na zauna a kan yashi.