Ƙibar Mama a kan sikelin citta

"Kilo uku na ƙara cikin kwana huɗu, godiya ga Yesu!" Da wannan Mama ta tare ni a waya yau da safe.

Shekarata tara ina gadi a Fatakwal, ita tana Kafanchan da ciwon zuciya. Likita ya ce zuciyar na tura jini daidai, sai dai ta yi tauri, ba ta sakewa ta cika, shi ya sa ruwa ke taruwa a jikinta. Ya ba ta maganin da ke sa fitsari don ruwan ya fita, ya ce ta riƙa auna nauyinta kullum. Sikelin citta na Alhaji maƙwabcinmu take hawa, kamar buhu.

Na ce, "Mama, juya kyamara in ga ƙafarki."

Ta kumbura suntum.

"Maganin fitsarin fa?"

"Na ajiye shi. Muna taron zumuntar mata, so kake in riƙa fita ana tsakiyar waƙa?"

"Mama, wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Yau za ki koma asibiti."

"In rame, a ce ɗana ba ya ciyar da ni?"

Na san mutanenmu, za su faɗa ɗin.

Sai na kira Alhaji na ce, "Kayan da ka auna jiƙaƙƙe ne." Mai sayen citta ba ya buƙatar ƙarin bayani, ya san nauyin ruwa. Nan take ya sa ta a mota.

Yanzu tana asibiti, ta ƙi ɗaukar wayata. Gara a ce na ramar da ita da a zo mini ta'aziyya.

Ku da ke nesa da iyayenku, yaya kuke fama da su?