Ƙwaryar Rabi a Gida Uku

Ranar tara ga watan azumi, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar bokon Karofane, ƙanwata Rabi ta yanke jiki ta faɗi a gindin itacen bedin da muke ƴar carafke. Ni na jawo. Tun safe nake yi mata gori, wai sa'o'inta suna kai azumi har azahar, ita kuwa sai ci kamar gara. Ta yi zuciya ta tuttule wa awaki furar da Inna ta dama mata.

Dama haka Rabi take tun tana ƙarama. Fatar idonta kullum a sauke kamar mai gyangyaɗi, ɗan tulu ya fi ƙarfinta, in muka je itace sai an goyo ta. Mu dai raguwa muke ce mata, Allah Ya yafe mana. Bayan faɗuwar nan, sai da aka yi asibitin Buza, aka yi na Tawa, aka dangana da Yamai, sannan wani lokotoro ya ce ciwon mitokondiriya ne. Ya yi wa Inna bayani cewa a naman jikin kowa akwai ƴan murahu masu mayar da abinci ƙarfi, to na Rabi ba sa kama wuta sosai. Ba a warkewa, sai lallaɓawa: kada ta zauna da yunwa, kada ta gaji.

Da suka dawo, Baba ya ce lakwal ta ƙare wa Rabi ke nan. Gidanmu can bakin gari yake wajen rumbuna, Inna kuma ga daka, ga rijiya, ga gona, ba ta da bayan goyon ƴar shekara takwas safe da rana. Rabi ta kwana uku rungume da allonta tana kuka, ni kuwa na kasa haɗa ido da ita.

Gwaggo Tsahara ce ta warware mana, tsohuwar maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, wadda ko zakara bai isa ya yi cara a gidanta ba sai da izini. Ta tsaya a zaure ta ce wa Baba, “Wagga ɗiya ba taku ta ku ɗai ba. Tsakanin nan da lakwal ba gidajen mutane na ba? Hura ta ƙare a garin ga?”

Kafin sati ta tsara komai. Gidanta, gidan maƙera, da gidan liman, kowanne da tabarma a inuwa da ƴar ƙwaryar fura rufe da faifai. Rabi ta yi ɗan taku ta zauna, ta kurɓa, ta huta, mu ƙara gaba. Mushe, malaminmu, ya daina duba agogo in mun makara. Matan unguwa kuma suka riƙa karɓar wa Inna daka bi da bi. Ranar da Rabi ta ci jarrabawar satifika, Inna ta yi kuka, ni ma na ji an sauke mini dutse daga ƙirji.

Yanzu gidajen nan uku duk sun yi katangar bulo da ƙofar ƙarfe, sai ka ƙwanƙwasa kafin a san da kai, Gwaggo Tsahara kuma ta daɗe da rasuwa. Rabi tana nan da ranta, tana saƙa huluna a hankali, idon ya ƙara rauni. A ƙofarta akwai tabarma da ƙwarya rufe da faifai, ko da wani ɗan lakwal zai gaji a hanya. In na je, ni take fara miƙa wa, tana dariya: “Sha, Yaya, kada ki faɗi.”