Daminar da Na Dama wa 'Ya'yan Baji Kunu

Ni ba mai yawan waiwaye ba ne, don mai gona da iyali a wuya ba ya samun zaman tuna abin da ya wuce. Amma akwai damina guda da ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ita ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce daminar da na raini 'ya'yan tsuntsu da hannuna, ni da na tashi ina korar tsuntsu daga gona.

Babanmu ya rasu da rani. Inna ta yi takaba ta gama, amma sai ka ce ba ta fita ba. Ta daina zama a tsakar gida, ta daina faɗa da jikoki, babban abin kuma ta daina cin abinci. A kai tuwo, a dawo da tuwo. Matata ta gwada fate, ta gwada dambu, ta gwada kunun tsamiya, duk sai dai ta taɓa ta ture. Na ɗauke ta a babur zuwa asibiti a Ɗanbatta, aka gwada nan aka gwada can, aka ce ba ta da ciwo, ta dinga cin abinci kawai. Na ce a raina, ai da tana ci da ba ku gan mu ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta sakin fuska da ni, ni kuma ban iya lallashi ba. Haka muka zuba ido tana ramewa, har awarwaronta ya fara zamewa daga hannu.

Ana cikin haka ƙanwata da ke aure a Kano ta zo da keji, da wasu tsuntsaye biyu a ciki, mace koriya, namiji shuɗi. Kamar tsirya suke, sai dai ƙanana ne ƙwarai. Ta ce masu kiwonsu a birni baji suke ce musu. Na ce, "Ke, mu da muke fama da tsuntsu a gona, kin kawo mana wanda za mu ciyar a gida?" Ta ce, "Yaya, ai ba kai na kawo wa ba." Ta rataye kejin a ƙofar ɗakin Inna ta koma. Ban ga amfaninsa ba, amma na lura Inna ta matso da tabarmarta bakin ƙofa tana kallonsu. Ci dai babu.

A jikin kejin akwai ɗan akwatin katako mai rami. Macen ta shige ciki ta yi ƙwai, ta kwanta, har muka fara jin ɗan kuka siriri daga ciki. Sai wata safiya muka tashi muka tarar da koren gashi a ƙasa, ƙofar kejin a karkace. Muzurun unguwa ne ya yi aikinsa. Namijin ya tsira, amma ya lafe a kusurwa, ko kallon akwatin bai yi ba.

Na buɗe akwatin na ga abin da ban taɓa gani ba. 'Ya'ya biyu, tsirara, jajaye kamar yankan nama, ido a rufe, ɗaya ya fi ɗaya girma. Gefe kuma ga ƙwai guda da bai fashe ba, bai fi gujiya ba. Ni kaji na sani da zabi. Ɗan tsako yana fitowa yake bin uwarsa yana tsattsage. Don haka na ɗebo tsaki na watsa musu a gaba. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, da wane idon za su gani, da wace ƙafar za su taso?" Na ce to su suka sani.

Shi kuwa ƙwan, duk mai kaji ya san dokarsa: in kaza ta ƙyanƙyashe, wanda ya rage baragurbi ne, bayan danga ake jefa shi kafin ya fashe ya cika gida da wari. Na ɗauka, har na ɗaga hannu, sai na ji murya a bayana.

"Kai wannan, ajiye."

Inna ce. Na daɗe ban ji ta ɗaga murya haka ba. Ta karɓi ƙwan ta kara a kunne, ta saurara, ta ce da rai a ciki. Ta naɗe shi a auduga ta cusa a ƙirjinta ta gyara ɗaurin zani.

Na kira ƙanwata, ta haɗa ni da mutumin da ta saya a wajensa. Ya ce wannan tsuntsu ba kamar kaza ba ne, yau macen ta yi ƙwai, gobe ta huta, jibi ta sake, kuma a haka suke ƙyanƙyashewa bi da bi, saboda haka na ƙarshe ba baragurbi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Abincin 'ya'yan kuma kunu ne mai ruwa, a tace shi sosai, a sa ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai, a ba su da ɗumi, ba zafi ba sanyi, ɗigo-ɗigo. Ya ce in dinga duba 'yar jakar da ke wuyansu, in ta cika in tsaya, in ta sauka in ƙara, tun asuba har rana ta faɗi. Kowane lokaci sabo za a dama, kada a ɗumama tsohon. "Kuma don Allah kada a yi musu ɗura irin ta jarirai, shaƙewa za su yi." Daga ƙarshe ya ce gaskiyar magana, yawanci mutuwa suke yi.

Na kashe waya na faɗa wa Inna yadda ya ce. Ta kalli 'yan tsuntsayen ta ce, "Ai haka ne. In mai kula da kai ya tafi, me ya rage, sai ka bi shi." Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san ba maganar tsuntsu take yi ba. A nan na ƙudurta cewa ko gonar za ta lalace, waɗannan 'yan naman sai sun rayu.

Na sami sillen kara na feƙe shi kamar alƙalamin allo. Matata ta surfa gero ta niƙa ta tace da tsumma mai kyau, ta dama a ɗan ƙoƙo. Muka shimfiɗa auduga a ƙwarya, muka naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma muka ajiye a gefensu. Na tsoma yatsa a kunun na ce ya yi. Inna ta harare ni. "Hannun da fartanya ta kashe, me yake ji? Dafa su za ka yi. Kawo nan." Ta ɗiba da ludayi ta kai baki, ta ce a ɗan fifita. Aka fifita, ta sake ɗanɗanawa, ta ce yanzu ya yi. Na kara bakin karan a gefen bakin babban, ya yi ta kaɗa kai, can sai ya kama yana zuƙa. Na ga jakar wuyansa tana tasowa fara. Wallahi sai da gumi ya keto mini kamar na yi huɗa.

Abin da su biyun suka sha bai cika cokali ba. Na ɗauki ƙoƙon na nufi magudana.

"Ina za ka da shi?"

"Zubarwa, Inna. Ya ce ba a ɗumamawa."

"Gero? Da ƙwai a ciki? A gidan nan za a zubar?"

Na ce ni dai ba na shan kunun tsuntsu, yara kuma suna makaranta. Ta karɓe tana ƙunƙuni, wai mutanen yanzu ba su san yunwa ba, ta kafa kai ta shanye. Muka haɗa ido da matata. Damu na gaba sai ga kunun ya ƙaru. Washegari ƙoƙon kansa ya sauya, ya zama babba. Inna ta ce, "Wannan duk na tsuntsu ne?" Matata ta ce, "Inna, hannuna ne bai iya dama kaɗan ba." Sau nawa ake ba tsuntsayen nan a yini, sau nan Inna ke ɗanɗanawa, ta kuma shanye saura don kada a yi ɓarna.

Da hantsi washegarin nan ta aiko a kira ni. Ta buɗe audugar, sai ga wani ɗan abu kamar kan yatsa yana motsi a cikin ɓawo. Ta ce, "Ga baragurbinka nan." Ban ga haƙoranta ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Lokacin gero ya fara fitar da kai. Da sassafe in je gona ina kaɗa gwangwani ina ihu, in dawo a guje in zauna da kara a hannu ina lallaɓa bakin tsuntsu. Labari ya zaga gari. Wani abokina a majalisa ya ce, "A gona ka kore su, a gida ka dama musu kunu. Ka fito fili mana, kai nasu ne ko namu?" Na ce na gaji da yawa, ba zan iya ba shi amsa ba. Gaskiya ce kuwa, a sallar azahar ma gyangyaɗi nake yi.

Sai na tsakiyan ya fara ƙin karɓa. Jakar wuyansa ta ƙi sauka, ta yi tauri, kafin la'asar ya miƙe. Na tsaya a kansa. Na so in ɓoye shi in ce muzuru ne, amma a gaban Inna abin ya faru. Ta daɗe tana kallonsa. Ni kuma ina jira in ji ta ce a kwashe ƙwaryar, ta juya ta fuskanci bango kamar da.

Sai ta ce, "Kai ne ka cika nawa, kunun yana hucewa a hannunka. Ba ni karan. Ka tafi gonarka." Ta dubi ɗakin ta ce duhu ya yi yawa, ba ta ganin bakinsu. Da ƙafarta ta fito tsakar gida, ta zauna a gindin darbejiya da ƙwaryar a cinya, ta ce wa matata ta dama sabo, kuma ta sa wa nata ragowar ɗan sukari. Na zaga bayan rumbu na zauna a ƙasa. Ban san numfashi nake riƙewa tun rasuwar Baba ba sai ranar.

Biyun da suka rage sun rayu. Tsinken gashi ya fito musu, ido ya buɗe, babban ya zama kore, na cikin ƙwan nan shuɗi kamar ubansa. Da suka fara tashi, kafaɗar Inna suke sauka suna jan ɗankwalinta. Kafin girbi ta koma cin tuwo, ta koma cewa miyar ba gishiri, ta koma korar jikoki daga kan tabarmarta. Ranar da tsuntsayen suka fara fasa gero da kansu aka daina kunu, ta kalli matata ta ce, "Kun zaci ban ga ƙoƙon yana girma ba?"

Har yau Inna tana nan, tsufa dai ya ƙaru, kuma har yau ba ta kiran sunana. Abin da na koya shi ne, mutumin da zuciyarsa ta karye, ba cewa ci ko yi haƙuri ke tashe shi ba. Mun faɗa har bakinmu ya gaji. Sai da ta ga wani abu a duniya da zai mutu in ba ta tashi ba, sannan ta tashi. Tsuntsayen gona kuwa ina nan ina korarsu, amma ƙwan da ya rage a gurbi, ko na kaza ne, sai na kara a kunne kafin in jefar.