Robar da Na Ɗaura a Jan Maɓalli

Har yau ban manta da ranar da keken ɗaukar kaya ya matse Malam Garba a jikin bango ba. Lokacin ni ne shugaban 'yan dako a wani sito na kayan abinci a Ƙanƙara, inda muke loda wa motocin Faskari da Sabuwa shinkafa da man girki.

Keken da batir yake aiki. Ƙarafansa biyu suna shiga ƙarƙashin katakon da aka jera buhuna, mutum ya kama mariƙinsa yana tafiya da baya. A kan mariƙin akwai jan maɓalli. Da ya taɓa cikinka, sai keken ya kauce maka. Siton namu matsattse ne, maɓallin yana yawan tsayar da aiki. Manaja ya ce in san dabara. Na cusa guntun katako a ƙarƙashinsa, na naɗe da robar da muke ɗaure kaya a babur.

Ranar kasuwa ana sauri, Garba ya jawo buhuna, bango ya tare bayansa. Maɓallin bai dannu ba. Ƙugunsa ya karye.

Bayan kwana uku manaja ya kira ni ofis, ya miƙo mini takarda. An rubuta wai Garba hawa keken ya yi yana wasa. A ƙa'idar wurin, mai ganganci kora ce tasa, kuma babu ruwansu da jinyarsa.

Ya ce, "Baba Isa, dangwala hannu kawai za ka yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai jikoki uku ne zai hau keke yana wasa?"

"To, ka dai san robar nan ta waye ce."

"Tawa ce, tun ranar na kwance ta, ga ta ma a aljihuna. Bakin da ya ce in san dabara kuwa naka ne."

Da mai bincike ya zo daga babban ofis, na ajiye masa robar a kan tebur, na faɗi komai. Masu siton suka yi jinyar Garba. Yanzu shi ke gadin ƙofa, da sandarsa. Ni aka sallama.

Alhakin ƙugun Garba yana wuyana, ban taɓa musu ba. Ku masu jan keken yanzu, wanda ya ce ku san dabara ba zai tsaya tsakaninku da bango ba. Hannun nan ya ɗaura roba, na yarda, amma bai dangwala ƙarya ba.