Mita Goma Da Mariyama Ta Bari

Ina cikin share ajinmu a lakwal jiya, sai wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, ya faɗo daga bayan tabulo, allon aji. Na Mariyama ne, ɗiyar makiyayan Azagor da na koyar bara a nan Dakoro. Na buɗe, na ci karo da sifilin da na zabga mata da jan alƙalamin bik.

Darasin kewaye muka yi ranar. Gona mai tsawon mita sittin, faɗi arba'in, waya mita nawa za ta kewaye ta? Kowa ya samu ɗari biyu. Ita ta rubuta ɗari da casa'in.

Na tsayar da ita gaban aji, na ce, "Ina kika kai mita goma?"

Ta ce, "Mushe, na bar biyar gabas, biyar yamma. In ka rufe gonar duka, ta ina shanu za su bi su je rijiya?"

'Yan aji suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba. Da damina ta sauka iyayenta suka yi arewa da dabbobi, ba ta dawo ba.

Sai jiya na lura, can gefen shafin ta fara rubuta ɗari biyu, sannan ta cire goma. Ashe ta iya lissafin, burtali ta bari.

Malamai 'yan'uwana, da ku ne, nawa za ku ba ta?