Malam Zazzage Zai Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe tagar ba da magani ta asibitinmu. Ya goge teburi, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya kira na farko a layi. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa miƙa wa mai ciwon zuciya ƙwaya ba sai ya ce, "Zazzage jakar nan mu gani." Shi ya sa muke ce masa Malam Zazzage. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ba zan ɓoye ba, na sha yi masa tsaki a layi. Mutum sai bin diddigin tsiya!

Bara na raka Inna karɓar maganin zuciyarta. Sati uku ke nan abinci ba ya shiga, ga jiri, ga ƙirji yana dukan tara-tara. Mun ɗauka tsufa ne. Tana zazzage jaka sai wata farar roba ta gangaro.

"Inna, wannan fa?" in ji shi.

"Ai ba magani ba ne, ɗan nan. Na ƙarfin ƙashi ne, 'yata ta sayo mini saboda gwiwa."

"Guda nawa kike sha?"

"Uku. In gwiwar ta matsa, huɗu."

Ya cire tabarau. Ya ce kalsiyam ne, kuma in ya yi yawa a jini ba ya jituwa da irin maganin da take sha, yana iya rikita bugun zuciya. Ya bar tagar, da ƙafarsa ya raka mu wajen likita. Gwajin jini ya gaskata shi. Kwana huɗu Inna ta yi a gadon asibiti.

Ni ce 'yar da ta sayo. Kafin ranar, sau biyu likita yana tambayata me Inna take sha, ban taɓa ambatar robar ba, don ban ɗauke ta magani ba. Da Malam ya same ni ina kuka a baranda, cewa kawai ya yi, "Ƙauna ce ta sa kika saya, ƙanwata. Nan gaba dai a tambaya."

Malam, kai ne ka haƙura da tsakinmu don iyayenmu su koma gida da ƙafarsu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku da za ku gaji tagar nan, don Allah ku riƙa tambaya, ko da layi zai yi gunaguni.

Inna ta ce a gaishe ka. Ta ce gwiwar har yanzu tana ciwo, kuma ta gode wa Allah da take nan tana jin ciwon.