Ranar da Na Ƙi Tada Baba

A gidanmu ba a ce wa baƙo mai gida yana barci. Abin kunya ne. Ko tsoho ya yi nisa sai a taɓa ƙafarsa, ya tashi ya gyara hula, a shiga gaisuwa irin tamu ta bakin Komadugu, wadda sai an tambayi gida da gona da gajiya da ruwan kogi kafin a zo kan magana. Haka na tashi na gani, haka kuma na yi ta yi wa mahaifina bayan mantuwa ta kama shi, ina ganin biyayya nake yi.

Baba manomin tattasai ne. Ya tsufa yana ban ruwa, yana shanya, yana gadi, kuma abin alfaharinsa shi ne bai san barci ba. In ya ga ɗayanmu ya miƙe bayan azahar sai ya ce barci ƙanin mutuwa ne, me ya kai ka wurin ƙane tun wan bai kira ka ba? Da zaman ƙauye ya gagara muka dawo da shi Diffa, abubuwa suka fara zube masa. Sunayen jikoki ne suka fara tafiya, sai hanyar masallaci. Daga baya ni. Ni ɗansa na fari, yakan dube ni cikin ladabi ya ce, "Malam, daga ina?" Ba abin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan ladabin.

Da dare ba ya samun barcin kirki, sai rana ta take yake samu, kuma a lokacin ne masu dubiya ke sallama. Wata rana na kai shi asibitin unguwa, majo, wani mutumin Damagaram, babban mai duba marasa lafiya a wurin, ya tambaye ni sau nawa muke tada shi a wuni. Na amsa har da ɗaga kafaɗa cewa duk sanda aka zo. Ya ajiye alƙalaminsa ya daɗe yana kallona. Ya ce in mutum ya yi barci mai nauyi, ƙwaƙwalwa wanke kanta take yi, kamar yadda ake sakar wa lambu ruwa ya kwashe dattin kwalbati, kuma a nan take adana abin da aka gani da rana. Ya ce ba zai ce rashin barci kaɗai ya jawo wa Baba wannan ba, barci kuma ba zai warkar da shi ba, amma mu daina katse masa ɗan abin da ya rage.

Na fito raina a ɓace. Mutumin Damagaram zai koya mini yadda ake riƙon uba? Amma maganar wankin nan ta ƙi barina. Ashe mutum yana kwance kamar icce, a cikin kansa ana aiki, ba da saninsa ba, ba da izininsa ba. Na yi ta tasbihi a hanya. Washegari na shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure na zama mai gadi. Ƴan uwa suka ce aikin biro ya lalata ni, na toshe kunne.

Cikin kwanaki na ga abin da har yau nake jin tsigar jikina na tashi in na tuna. In ya yi barcinsa ya ƙoshi ya farka don kansa, idonsa yakan washe na ɗan lokaci. Ya tambayi ko kogi ya kawo, ya tambayi ko an fara dashe. Kafin la'asar ta yi sanyi ya koma inda yake. Ni dai har lokacin Malam ne.

Ranar kasuwa sai ga amininsa na ƙuruciya daga Ngelbeli, tsoho da sanda, ya sha hanya a bayan mota, kuma da ita zai koma kafin magariba. Na gaishe shi, na kawo ruwa, na ce Baba yana barci. Ya jira in tashi, ban tashi ba.

"Ɗana, ba za ka tada shi ba?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan tada shi ba."

Ya zauna yana jan carbi, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Inuwa ta bar tabarmarmu ta koma bango. Sau biyu na yunƙura, na koma na zauna.

Sai muka ji tari. Baba ya fito da kansa yana dafa bango. Ya ga tsohon, ya tsaya, ya kira shi da sunan tsokanar da suke yi tun suna kamun kifi. Suka riƙe hannu suna gaisuwar Barebari, wushe, wushe, ba mai son saki. Sannan ya tambayi tun yaushe ya zo, aka ce tun azahar.

Ya juyo kaina, ba ladabi ko ƙwaya a fuskarsa.

"Kai! Ɗan fari guda, ka bar mini baƙo a ƙofa? Haka na rene ka?"

Ya yi ta faɗa a gaban baƙo, ya tono har shanyar tattasan da na bar wa awaki ina yaro. Na sunkuyar da kai hawaye na zuba, ina roƙon Allah kada ya yi shiru.